Macijin Kawu Ciyaman

Tun da aka rufe maɗaba'ar da mijina yake aiki, gidanmu ya koma gidan mai magana ɗaya, wato ni. Dogo ake ce masa a unguwa, kuma da ma can ba mai yawan zance ba ne, amma lokacin da yake da aiki akan samu ya dawo da yamma ya yi ƙorafin tsadar takarda ko rashin mutuncin direbobi. Shi ne mai kula da sito a can, shekara goma sha wani abu yana yawo da makullai a aljihu. Ranar da aka karɓe makullan, sai ka ce da harshensa aka haɗa. Yakan zauna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙe dogayen ƙafafun nan, ni ina kan keken ɗinki, 'yan biyunmu suna tsallake shi suna wucewa.

Ya nemi aiki har takalminsa ya buɗe baki. Duk inda ya je, sai a dubi furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa a ce za a neme shi. Ana cikin haka yayansa, wanda ke da gonar kaji a wani gari mai nisan gaske, ya aiko cewa ya tattara ya je ya kama masa aiki. Ɗaki ɗaya ne a bayan gonar, ba wurin ajiye iyali. Dogo ya amsa cewa in wata ya ƙare zai taho. Ban yi masa gardama ba, don ina ganin abin da zaman yake yi masa, amma Allah ya sani ban so ba ko kaɗan. Na ga matan da mazansu suka tafi na ɗan lokaci, har 'ya'ya suka girma suna gaishe da uba ta waya kamar baƙo.

Sai ga kira daga wani kamfanin rarraba magunguna, wai suna neman mai kula da sito, ya zo intabiyu. Ya faɗa mini ba yabo ba fallasa, ya ƙara da cewa wannan ce ta ƙarshe, in ba ta yi ba sai kaji. Matsalar ita ce Dogo bai taɓa zama gaban masu tambaya ba a rayuwarsa. Aikinsa na farko ma mai maɗaba'ar ne ya gan shi yana sauko da kwali daga saman tari ba tare da tsani ba, ya ce gobe ya zo.

Nan ne Kawu Ciyaman ya shigo maganar. Ƙanin mahaifiyar Dogo ne, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, kuma ba wanda ya tuna takamaimai ciyaman ɗin me ya taɓa yi. Wasu sun ce na kwamitin gyaran kwata ne, wanda ya zauna sau ɗaya ya watse. Amma a dangi duk wanda aka kira intabiyu wurinsa ake tura shi, kuma yana bugun ƙirji cewa bai taɓa horar da wanda ya faɗi ba. Waɗanda suka faɗi, in ka tambaye shi, ba su bi umarni ba ne.

Ya iso da tabarau da 'yar jakar hannu wadda ban taɓa ganin an buɗe ba. Ya sa aka kwashe yadudduka daga teburin yankana, aka jawo shi tsakiyar falo, ya zauna a baya ya ce ni ma in zauna gefensa in ɗaure fuska, ni ce mamba ta biyu. Dogo kuma aka tura shi waje ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa ya nemi izinin shigowa.

Wunin farko a ƙofa ya ƙare. In ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, Kawu ya ce ya zo karɓar bashi ne? In ya yi a hankali, ya ce ɓera ne? Ya shiga ya fita har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Da aka wuce ƙofa aka zo zama: hannaye bisa gwiwa, haɓa a sama, baya kada ya taɓa kujera. Aka zo dariya, wadda Kawu ya ce rabi ake yi, a bar rabi a ciki. Dogo ya gwada rabin dariya, 'yan biyu suka ruga ɗaki suna cewa Baba ba shi da lafiya.

Sai amsoshi. In an tambaye shi aibinsa, ya ce aibinsa ɗaya ne, yana son aiki fiye da kima. Ni da na san aibin mijina tun daga minshari har zuwa barin murfin man goge baki a buɗe, na cije leɓe na riƙe matsayina na mamba.

Daga nan Kawu ya zo kan tambayar da ya ce ita ce uwar tambayoyi, wadda ba kwamitin da ke tsallake ta: ka ba mu labarin wani abu mai wuya da ya same ka a wurin aiki, da yadda ka yi da shi. Dogo ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya ce shi dai gaskiya ba abin da ya taɓa faruwa a sitonsa. Kawu ya cire tabarau ya dube shi da tausayi.

“Ɗana, mutumin da ba shi da labari ba a ɗaukarsa aiki. Amma kai jinina ne. Zan ba ka aron nawa.”

Ya sa na rufe taga, ya sassauta murya, ya ce wannan labari bai taɓa bai wa kowa ba. Wata safiya ce, in ji shi, ya buɗe sito sai ga maciji baƙi wuluk, da farin ratsi a wuya, ya naɗe a kan kwali ya fasa kai. Ma'aikata suka watse, manaja ya haye tebur. Shi kuwa ya cire hularsa ya jefa gefe don macijin ya juya, ya ɗauki bokiti ya kife shi, ya zauna a kai. In an zo nan, sai a dafa ƙirji, a dubi sama, a ja numfashi, sannan a ce, “Ranka ya daɗe, shugaba ba ya gudu.”

Na dubi mijina, mutumin da in kyankyaso ya fito a banɗaki ni yake kira. Shi ma ya ce wa Kawu ai wannan ƙarya ce. Kawu ya ce ba ƙarya ba ce, aro ne, kwat ɗin da zai sa ranar ma ai ta aro ce, ko zai tsaya ya yi wa kwamiti bayanin mai ita? Ni kuwa ban hana ba, don a lokacin ko kura aka ce ya kama da hannu, in dai zai hana shi tafiya, zan taya shi haddacewa.

Haka macijin nan ya tare a gidanmu. Da safe ina jin Dogo a banɗaki yana cewa shugaba ba ya gudu. Da rana yana yi wa bango. 'Yan biyu suka haddace tsaf, suka koma kife roba a kan igiyar shanya suna zama a kai suna dafa ƙirji. Ni kaina in ina taka keke sai in ji ƙafata tana bin labarin.

Ranar intabiyu na ce zan bi shi in sayo zare a kasuwa. Zare ina da shi cike da gwangwani, tsoron da nake kada ya kai bakin get ya juyo. Aka nuna mana wani dogon baranda mai benci ɗaya da fanka mai kuka, ko'ina warin kwali da magani. Ɗakin da kwamitin yake, da falankin katako aka raba shi da barandar, katakon ma bai kai silin ba. Ko cokali aka juya a kofin shayi a ciki, muna ji.

A kan bencin muka tarar da mutum biyu da muka sani. Ɗaya Ɗan Gayu ne, ɗan ƙanwar mahaifiyar Dogo, wanda turarensa ke riga shi shiga wuri. Ɗayar kuwa 'yar maƙwabcin Kawu ce, wata yarinya mai natsuwa da ta gama karatu bara. Aka gaisa sama-sama, kowa yana jin kunyar an gan shi. Da Dogo ya zauna sai na lura su ukun zama iri ɗaya suka yi: hannaye bisa gwiwa, haɓa a sama, baya bai taɓa bango ba. Amma ban kawo komai a raina ba tukuna.

Ba a jima ba Dogo ya matso kusa da ni. Ya raɗa mini cewa zai zagaya baya ya sha iska ya ƙara bitar macijin, in an kusa zuwa kansa in kira shi. Fitarsa ke da wuya masinja ya kira Ɗan Gayu.

Ƙwanƙwasar da ya yi ma irin tamu ce. Muryoyi uku na ji a ciki: wata mace mai magana a tsanake, wadda da alama ita ce shugaba, da wani dattijo mai yawan gyaran murya, da wani da ba ya cewa komai sai “to”. Aka tambayi Ɗan Gayu aibinsa, ya ce yana son aiki fiye da kima, shi da uwarsa ke tashinsa da ruwan sanyi. Sannan matar ta yi uwar tambayoyi. Sai na ji ya gyara zama ya ce, “Wata safiya na buɗe sito.”

Na dafe benci. Baƙi wuluk, farin ratsi a wuya, manaja a kan tebur, hula, bokiti, ba abin da ya rage. Har shirun jan numfashin na ji. Kwamitin kuwa abin ya burge su, dattijon yana ta jinjinawa yana cewa lallai an yi namiji. Ɗan Gayu ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya yi mini sallama kamar wanda aka riga aka ba ofis.

Na zabura neman Dogo. Na zagaya baya, ba shi. Na bi tsakanin manyan motocin da ake lodi, ina leƙa ƙarƙashinsu kamar mai neman kaza, ba shi. Mai gadi ya ce ya ga wani dogo ya nufi banɗaki, na je na tsaya a ƙofar banɗakin maza ina kiran “Baban 'yan biyu” a hankali, wani mai tumbi ya fito ya ce shi nasa 'yan uku ne. Na dawo baranda ina haki, daidai lokacin da muryar yarinyar nan ke fitowa ta saman katako tana cewa manaja ya haye tebur. Ita dai ta yi ƙoƙari, ta mai da hular ɗankwali.

Wannan karon ba wanda ya jinjina. Dattijon ya yi gyaran murya mai tsawo. Matar ta tambaye ta launin macijin, ta faɗa, ta ce mata madalla, za a neme ta. Yarinyar ta fito tana murmushi, baiwar Allah.

Sai ga Dogo ya ɓullo ta ɗaya ƙarshen barandar, ya wanke fuska, kwat ɗin aro ta tsaya masa a rabin hannu. Kafin in kai gare shi masinja ya kira sunansa ya riƙe masa hanya, ga mutane sun ƙaru a benci, ba damar ɗaga murya. Na ɗaga hannu na karkaɗa shi kamar tafiyar maciji, sannan na ja yatsa a maƙogwarona. Dogo ya dube ni, idonsa ya cika da godiya, ya gyaɗa kai ya ɗaga mini babban yatsa. Daga baya na gane abin da ya fahimta shi ne in ya saki macijin ya gama da su.

Na zauna na haɗa kai da gwiwa. A raina har na fara ganin ɗakin bayan gonar kaji.

Da farko abin ya tafi daidai. Da aka zo aibi, matar ta ce bari ta taya shi, ko yana son aiki fiye da kima ne? Dogo ya ce ƙwarai kuwa, da mamaki a muryarsa. Sai ta yi tambayar. Na ji kujera ta yi ƙara, na san ya gyara zama.

“Wata safiya na buɗe sito, sai ga maciji.”

“Baƙi ne?” in ji dattijon.

“Baƙi ne wuluk, ranka ya daɗe.”

“Da farin ratsi a wuya?”

Dogo ya ce, “Ka san shi ne, ranka ya daɗe?”

“Yau dai wannan ne zuwansa na uku.”

Mai cewa “to” ne ya fara fashewa, sauran suka bi, har katakon yana girgiza. Mutanen benci suna kallon juna, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Da dariyar ta lafa, matar ta tambaye shi tsakani da Allah macijin nan na wane ne. Ya ce na kawunsa ne, aro aka ba shi, kuma yanzu shi ma Kawun bai tabbata nasa ba ne. Na ji ya ja kujera ya miƙe, ya ba su haƙuri a kan ɓata musu lokaci, ya ce a yi masa izini ya tafi. Matar ta ce ya zauna, ba a sallame shi ba. Ta ce a ajiye maciji gefe ya huta, shi Dogo take tambaya.

Da ya buɗe baki, ba muryar horon Kawu ba ce, tasa ce ta gida, wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce a sitonsa wuta ba ta taɓa tashi ba, ruwa bai taɓa shiga ba, kaya ba su taɓa ɓata ba, don kullum sai ya zagaya kafin ya kulle, shi ya sa ba shi da labari.

“Abu mai wuya bai same ni a wurin aiki ba, ranki ya daɗe, sai da aikin ya ƙare. Matata tela ce. Tun safe take taka keke har yamma, ni ina zaune a bakin ƙofa ina ji. Duk ƙarar da ya yi, na san ni ake ciyarwa. Ba ta taɓa ce mini komai ba, da ma ta ce, da ya fi mini sauƙi. Yadda na yi da shi kuma, ban yi komai ba tukuna. Shi ya kawo ni nan.”

Ni da nake ganin na san mijina ciki da bai, ban taɓa sanin keken nan yana yi masa ciwo ba. Na yi kuka a cikin mayafi, kuka na gaske, wata mata da ke gefena tana bubbuga bayana tana cewa in yi haƙuri, ai ba a faɗi sakamako ba tukuna.

A ciki kuwa sun koma zancen aiki, yadda ake jera kaya, da wanda ake fara fitarwa, da yadda ake yi da direban da ya zo yana gaggawa. Dogo ya yi ta magana, abin da bai yi a wata da watanni ba. A ƙarshe dattijon ya tambaye shi in maciji ya shigo siton da gaske me zai yi. Ya ce zai fita ya kulle ƙofa ya kira wanda ya iya. Suka sake dariya, suka ce za a neme shi.

A hanya na tambaye shi yaya aka yi, ya ce ba laifi. Ya tambaye ni zare, na ce ban sami kalar ba.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa taka keke in yana gida. Da na ɗora ƙafa sai in hango shi a bakin ƙofa, in sauke. Na koma sa maɓalli da ƙarin baki da allurar hannu, masu kaya suna zuwa suna zazzaga mini masifa ina ba su haƙuri. A dangi kuma wuta ta tashi, don uwar Ɗan Gayu ta ji labari ta je har gida ta sami Kawu. Shi ko a jikinsa. Ya ce likita ma magani ɗaya yake bai wa duk mai zazzaɓi, laifin kamfanin ne da ya tara majinyata rana ɗaya. Wata ya doshi ƙarewa, Dogo ya sauko da jakarsa daga saman kabad ya kakkaɓe ta, ya fara ninke kaya.

Ranar da wayar ta zo Kawu yana gidanmu yana shan shayi, yana bayyana mana cewa kamfanonin yanzu ba su san darajar labari ba. Dogo ya ɗaga, ya miƙe tsaye, ya ce “na'am, ranki ya daɗe” ya fi a ƙirga, sannan ya ajiye wayar a hankali ya ce jibi zai fara. Kawu bai ko ajiye kofi ba ya ce ai ya faɗa, macijin nan bai taɓa ba shi kunya ba. Ya shanye shayinsa ya fita da sauri don ya riga kowa kai labari.

Dogo ya tsaya yana kallon tarin ɗinkin da ya taru a kan teburi, ya dubi keken da ƙura ta fara hawa, sannan ya dube ni.

“Bangon nan nasu na ɗakin intabiyu ba shi da kauri, ko?”

Na ce masa ko silin bai kai ba.

Kunnuwansa har rawa suke don kunya. Can ya shiga ɗaki ya fito da wandonsa na aiki, wanda ya yi masa yawa saboda ramar da ya yi, ya ajiye mini a kan keken. Ya jawo kujera kusa da ni ya zauna.

“To, tun da kin ji, kin ji. Rage mini ƙugun nan. Taka abinki, ina nan.”